Tumatirina yana zubar da fure, mangwarona ya bushe: wane magani zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba malamin gona. Ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Ringim. Bayan ɗakina akwai fili kamar taku goma sha biyar, ƙasar rairayi ce, ruwa kuma daga famfon tuƙa-tuƙa yara suke ɗebo mana. A watan Maris na dasa tumatir, ya tashi da kyau har ya yi fure, sai furen ya dinga zubewa, ganyen ya nannaɗe. Mangwaro biyu da maigida ya sayo mini duk sun bushe, na ga gara a gindinsu. Gwandata kuma sai fure, babu 'ya'ya. Maƙwabciyata ta ce in zuba takin zamani in fesa piya-piya. Wane magani zan saya, ko dai hannuna ne ba ya karɓar shuka?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Hannunki lafiyarsa ƙalau, kuma ki bar kuɗinki a bakin zaninki tukuna. Abin da ya ci lambunki abu biyu ne: lokacin da kika yi shukar, da yawan ruwan da gidanki yake iya bayarwa idan bazara ta kankama. Babu mai kanti da yake sayar da maganinsu.

Mu fara da tumatir. Na san abin da ya ja ki. A watan Fabrairu da Maris tumatir yana cika kasuwa, kwando ya yi arha, kowa ya ji sha'awar ya ga nasa a bayan ɗaki. To wannan tumatirin da kike gani, na Kadawa da Kura da Bunkure, wanda ake lodi a Kwanar Gafan, tun watan Oktoba aka zuba irinsa, aka dasa a Nuwamba, ya sha sanyin hunturu da ruwan madatsar Tiga. Lokacin da kike dasa naki, su manoman can suna tattara kayansu ne. Tumatir ɗan sanyi ne. Da zarar zafin rana ya haura digiri 32 zuwa 35, dare kuma ya ƙi yin sanyi, garin da ke cikin furen yana lalacewa, barbara ba ta kamawa, sai furen ya bushe daga wuyansa ya faɗo. A Afrilun ƙasarmu ma'aunin zafi yana taɓa 40, har ya wuce. Ko buhun taki kika juye masa, ganye zai ƙara miki, furen dai zai ci gaba da zuba. Ƙananan tumatir ɗin nan masu tsami da suke fitowa da kansu a juji sun fi jure zafi, amma UTC da Roma da ake sayar da irinsu a gwangwani, na hunturu ne.

Nannaɗewar ganye kuwa iri biyu ce, kuma ya kamata ki iya rabe su. Idan ganyen ƙasa ne suka naɗe sama amma suna nan kore shar, girmansu bai ragu ba, zafi ne da ƙishirwa, ba cuta ba ce. Idan kuwa sabbin ganyen kai ne suke fitowa ƙanana, gefensu rawaya, sun ƙanƙance, shukar ta tsaya cak ba ta ƙara tsawo, ki je da sassafe ki girgiza ta. Za ki ga wasu fararen ƙudaje ƙanana ƙwarai sun tashi daga bayan ganyen. Su ne suke ɗaukar cutar daga wannan shuka zuwa waccan, kuma wadda ta kamu ba ta warkewa. A tuge ta a ƙone, shi ne taimakon da za a yi wa sauran. Kariyar tun daga wurin reno take farawa: ki rufe irin da tsohon gidan sauro wanda aka daina kwana a ciki, ki danne gefensa da ƙasa har ranar dashe.

Akwai kuma tsutsar nan da manoma suke kira sharon, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta kuma yi wa gonakin Kano da Kaduna da Jigawa mummunar ɓarna a 2016. Ki ɗaga ganye ki duba shi ta hasken rana. Idan kin ga wani fili fari-fari a jikinsa, koren ya cinye sai fata, da ɗan baƙin kashi a ciki, tsutsar tana nan tsakanin fatun ganyen biyu. Shi ya sa feshi yake wahalar samunta. A babbar gona wannan bala'i ne, amma ke mai gindi ashirin kin fi su sauƙi: kowace safiya ki bi ki tsinke ganyen da ya kamu, ki jefa a murhu.

Idan za ki tuge tumatir ɗin nan, kada ki yar sai kin duba saiwar. Ƙasar jigawa irin taku tana da wata tsutsa da ido ba ya gani, tana shiga saiwa ta sa ta yi ƙulle-ƙulle kamar 'ya'yan carbi. Shukar da ta kamu tana yaushi da rana ko da ƙasar a jiƙe take. Idan kin ga haka, wannan wurin ya huta da tumatir da gauta da attaruhu da kuɓewa, domin duk abincinta ne. Ki sa albasa, ko masara, ko riɗi, ki kuma yawaita ruɓaɓɓen taki.

Yanzu maganar ruwa, wadda a wurina ita ce uwar tambayar taki. Mutanenmu suna fara lambu da tambayar me za su shuka, alhali tambayar farko ita ce jarka nawa gidan zai iya warewa kullum a watan Afrilu, bayan an sha, an dafa, an yi wanka, an shayar da dabbobi. Ga lissafin. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3 yana shan kamar lita 15 a rana da hunturu, a tsakiyar bazara kuwa sai ya kai lita 25, wato jarka guda cur. Ƙaramin itace da bai wuce shekara biyu ba yana son jarka ɗaya duk kwana uku da rani. Ke nan idan jarka biyu yaranki za su iya ƙara ɗebowa kullum ba tare da an hana su makaranta ba, ƙarfin lambunki a bazara fangali ɗaya ne da itace uku. Wanda ya yi fangali shida a kan wannan ruwa, kowanne zai samu ɗan yayyafi, saiwa ta taru a sama inda ƙasa ta fi zafi, duka shidan su mutu tare. Gara kaɗan da aka ƙosar.

Rairayi ba ya riƙe ruwa, yana wucewa ƙasa nan da nan, don haka kayan ganye a ba su safe da yamma kaɗan-kaɗan. Itace kuma akasin haka yake so: a cika masa kwarin gindinsa sosai, a bar shi kwana biyu ko uku, saiwarsa ta bi danshi ta nutse. Abin da yake sa rairayi ya koyi riƙe ruwa shi ne taki na gargajiya da ya ruɓe, da rufe ƙasa. Ƙaiƙayi, ɓuntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, busasshen ganyen darbejiya, duk wanda kika samu ki shimfiɗa kaurin yatsu huɗu. Ki sa hannu a ƙarƙashinsa da azahar, ki kuma taɓa ƙasar da take a buɗe, za ki ji bambancin da kanki.

Dabarar da na fi so wa mata masu ɗebo ruwa daga nesa ita ce ta tulu. Ki samu tulun ƙasa ko tsohuwar tukunya wadda ba a shafa mata komai ba, irin mai tsattsafo, ki binne ta har wuya kamar taƙi ɗaya daga gindin itacen, ki cika ta da ruwa, ki rufe bakin da murfi saboda sauro. Ruwan zai riƙa naso a hankali daidai inda saiwa take, rana ba ta shan rabonta. Bayan 'yan watanni idan kin tona gefe za ki tarar da ƙananan saiwoyi sun lulluɓe cikin tulun.

Kuma ruwan da gida yake zubarwa a banza yana da yawa. Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa da gero, ruwan ɗaurayar kwanuka, duk na lambu ne. Ki sa maigida ya karkata magudanar wurin alwala zuwa gindin gwaiba ko lemun tsami. Amma ruwan wanki mai omo, da ruwan da aka jiƙa kanwa, da mai gishiri, kada su je kan kayan ganye. Idan kin ga farin ɓawo yana fitowa a saman ƙasa bayan ta bushe, gishiri ne yake taruwa, kuma wasu rijiyoyin yankin kwarin Haɗejiya suna da wannan hali. Maganinsa a riƙa yin ban ruwa mai yawa lokaci-lokaci don ya wanke gishirin zuwa ƙasa, damina kuma ta ƙarasa sauran.

Mangwaronki, ina kyautata zaton ƙishirwa ce ta fara karya su, gara ta zo ta ƙarasa. Gara ta fi afka wa itacen da ya riga ya galabaita, kuma mu ne muke gayyato ta idan muka cusa ɗanyen kashin shanu da karan dawa a ramin dashe. Itace a ƙasarmu da damina ake dasa shi, bayan ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, don ya samu wata uku Allah yana shayar miki da shi kafin ya ga rani. Ramin kuwa tun Mayu ake tona shi, zurfi da faɗi kamar santimita 60, wato ya ɗan wuce gwiwa. Ki ware ƙasar sama daban, ki gauraya ta da daro biyu na takin awaki da ya shekara, wanda ya yi baƙi ya daina wari, ki ƙara dakakkun 'ya'yan darbejiya cikin tafi biyu, ki mayar ramin, ruwan farko ya daddale shi. Ranar dashe ki yanke ledar da reza, kada ki fasa ƙasar da ke jikin saiwar. Na sha tona mataccen dashe in tarar da ledarsa a jiki, saiwar ta naɗe a ciki ta shaƙe kanta.

Bayan dashe, abin rufe ƙasa kada ya taɓa jikin itacen, ki bar tazarar tafin hannu, ki zagaya wurin da toka. Duk kwana biyu ki duba: idan kin ga gara ta fara gina hanyar ƙasa a jikin karan, ki murje ta da yatsa. Idan akwai suri a kusa, a samu maza su tone shi har su fito da uwar.

Ki nemi mangwaro mai aure, wato wanda aka haɗa reshen bishiya mai kyau a kan ƙaramin dashen ƙwallo. Wanda aka shuka daga ƙwallo yana iya kai shekara shida zuwa takwas kafin ya haihu, kuma ba lallai ya yi halin uwarsa ba, ƙila ki samu mai zare da tsami. Mai aure a shekara uku zuwa huɗu yake fara ba da 'ya'ya, irin da aka ce miki kuma shi za ki samu. Sai dai a kula, akwai masu naɗa leda a jikin dashen ƙwallo su ce mai aure ne. Ki ce a kwance ledar. Aure na gaskiya yana barin tabo a karkace ko mai baki biyu, ɓawon sama da na ƙasa kuma ba sa zama iri ɗaya. Wannan mahaɗar dole ta tsaya a saman ƙasa, duk tohon da ya fito a ƙarƙashinta kuma a cire shi, domin na uwar gindin ne, idan aka bar shi zai rinjayi auren. Malaman gona na JARDA, hukumar bunƙasa noma ta Jigawa, da ke ƙaramar hukumarku za su iya nuna miki masu reno na amana, a Kano kuma akwai na takwararta KNARDA, da tashar binciken kayan marmari da na lambu ta NIHORT a Bagauda.

Amma in gaya miki gaskiya, fili mai taku goma sha biyar mangwaro ɗaya ya ishe shi. Idan ya girma yana cin wuri kamar mita 8 zuwa 10, inuwarsa ta hana komai tashi, saiwarsa ta nufi katangar ƙasa da masai. Ki sa shi a kusurwa mafi nisa da gini. Sauran gurabe biyun ki ba gwaiba da lemun tsami, ko rumman, wanda yake jure ƙishi fiye da yadda mutane suke zato. Gwaiba abokin gabarta ƙudan da ke huda 'ya'yan ya sa ƙwai, ki fasa ki ga tsutsa. Duk wadda ta faɗo a tsince ta ranar, a ɗaure a baƙar leda a bar ta a rana, domin idan ta kwana a ƙasa tsutsar tana shiga rairayi ta fito sabon ƙuda.

Gwandarki namiji ne. Ki duba furen: idan yana fitowa da yawa a kan dogayen silla masu reto, namiji ne, ba zai haihu ba ko shekara nawa ya yi. Mace furenta babba ne, ɗaiɗai, manne da jikin karan a hammatar ganye, gindinsa a kumbure. Akwai kuma mai haɗe da duka biyun, wadda take haihuwa ita kaɗai. Tun da ba a gane su a ƙwaya, sai a shuka uku ko huɗu a rami ɗaya, idan sun yi fure bayan wata huɗu zuwa shida a bar macen a sare sauran. Kada ki sare wannan namijin naki tukuna, guda ɗaya yana isar mata goma, har na maƙwabta. Ki yi wa gwanda tudu, domin ruwan Agusta idan ya kwanta a gindinta kwana biyu saiwar ruɓewa take yi. Haka dabino yake da mace da namiji, shi ya sa masu shuka ƙwallo suke jira shekaru su tarar kusan rabi maza ne. Wanda yake son dabino ya nemi ɗan da aka ɓamɓaro daga gindin uwa sananniya, kuma ku 'yan Jigawa tashar binciken dabino tana nan Dutse kusa da ku.

Ban ga zogale a cikin lissafinki ba, kuma da ni ne da shi zan fara. Yana son rairayi, yana jure rani, yana kamawa daga ƙwaya ko daga reshe. Kuskuren da ake yi shi ne a bar shi ya miƙe ya wuce katanga, ganyen ya koma sama inda hannu ba ya kaiwa. Da ya kai ƙugunki ki datse kan, rassan da suka fito su ma ki riƙa datse su. Gindi biyar a jikin darni za su riƙe ki da kwaɗo da miya har a watan da alayyahu yake tsada.

Game da shawarar maƙwabciyarki, takin zamani yana da wurinsa. NPK 15-15-15 cikin murfin kwalbar lemo ɗaya ga kowane gindi, mako biyu bayan dashe, a binne shi yatsu huɗu daga karan, a bi da ruwa. A ƙasa busasshiya cikin zafi kuwa ƙona saiwa yake yi, musamman yuriya, haka ma ɗanyen kashin kaji. Piya-piya kuma ina roƙonki don Allah kada ya kusanci abin da za ki ba yaranki. Guba ce mai ƙarfi, tana shiga ta fata da numfashi, kuma alayyahu da latas da zogale yau ake tsinka yau ake ci. Darbejiyar ƙofar gidanku ta ishe ki. Ki tara 'ya'yan da suka nuna, ki wanke, ki shanya a inuwa, ki ɓare, ki daka ƙwayar kamar rabin kilo, ki jiƙa a lita 10 na ruwa ta kwana. Da safe ki tace da ƙyalle, ki narka ɗan sabulun wanki na sanda a ciki don ya kama ganye, ki yayyafa da yamma, har bayan ganyen inda darɓa da farin ƙuda suke ɓuya. Ba ya kashewa nan take, hana su ci da hayayyafa yake yi, don haka duk mako ake maimaitawa, kuma kullum sabo ake haɗawa, rana tana kashe ƙarfinsa.

Shekarar lambun gida a wajenmu ga yadda take tafiya. Da damina ki cika filin da kuɓewa, yakuwa, rama, lalo, karkashi da kabewa, babu mai ɗebo ruwa, abin da ya yi yawa ki shanya. Alayyahu mako uku zuwa huɗu ya isa yanka, kuɓewa kamar wata biyu. Farkon Oktoba ki zuba irin tumatir, ki dasa bayan mako uku zuwa huɗu da yamma, tazarar santimita 50. Attaruhu da albasa sun fi daɗewa a reno, kamar mako shida zuwa takwas. Latas da kabeji da karas duk na wannan lokacin ne, karas kuma ba a dasa shi, inda zai zauna ake shuka shi. Kuɓewa ba ta son sanyin Disamba, tsugunawa take yi. Daga Maris sai ki naɗe hannu: fangali ɗaya na alayyahu a inda inuwar yamma take sauka, sauran ruwan duk na itatuwa.

Kafin ki tona rami ko ɗaya, a fara gyara darni. Akuya guda tana gama aikin wata uku kafin ki idar da sallar la'asar, kaji suna tone reno, ƙadangaru suna tsinke tsiron da ya fito jiya. Kowane dashe a zagaye shi da ƙayar magarya ko a kifa masa tsohon kwando marar gindi. Idan kuma Allah ya raya miki mangwaron, zai iya yin fure tun shekarar farko ko ta biyu saboda reshen da aka aura daga babbar bishiya aka yanko shi. Za ki ji kamar ki bar shi, amma ki tsinke furen duka, ƙaramin kara ba ya iya ɗaukar 'ya'ya da girma a lokaci ɗaya. A hunturu na uku sai ki bar masa kaɗan.